Zafin nan da ake cewa "za ki saba": jiki ne yake sabawa ko baki ne yake gajiya?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni. Duk wanda na yi wa kukan yadda yanayi ya rikice, amsa ɗaya nake samu: "Ai ɗan Adam ba abin da ba ya sabawa da shi." Zafi ya ƙaru, a ce za a saba. Ruwa ya zo ba a lokacinsa ba, a ce za a saba. Ni kuwa ina ganin ba sabawa muke yi ba, magana kawai muke dainawa. Barci bai isa ba, yara suna ta rigima, aiki ba ya tafiya kamar da, amma an daina ambato saboda bara ma haka aka yi. Ina so ku faɗa min tsakani da Allah, me kuka canza a rayuwarku ta yau da kullum saboda yanayi? Kuma canjin ya yi amfani ko haƙuri kawai ake yi?

Sarkin_Zolaya:
Wa alaikumus salam. Ni abin da na canza shi ne na daina duba hasashen yanayi a waya. Tunda na daina gani, zafin ya ragu da rabi.

Uwar_Biyu:
Kai dai ba a rasa ka. Allah ya shirye ka.

Mai_Musu:
Hajiya, da girmamawa, ni ban yarda wani abu ya canza ba. Tun muna yara ake zafi, ake ruwa, ake fari. Shekaru ne suka hau kanmu, jiki ya daina ɗauka. Kuma masanan nan da suke ta ihu, nawa ne suka ce an ƙaru? Digiri ɗaya da rabi. Tsakanin asuba da azahar ma ana samun bambancin digiri goma ko fiye, kullum, kuma ba wanda ya mutu. To ina abin tashin hankali a digiri ɗaya da rabi?

Malam_Lissafi:
Mai_Musu, tambayarka tana da kyau, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa. Digiri ɗaya da rabin nan ba zafin rana ɗaya ba ne a wuri ɗaya. Matsakaici ne na duniya baki ɗaya, tudu da teku, dare da rana, shekara cur. Don ka gane nauyinsa: a zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Kanada, kimanin shekara dubu ashirin da suka wuce, matsakaicin duniya bai fi digiri 5 zuwa 6 ƙasa da na kafin zamanin masana'antu ba. Ka ga ƙaramin lamba ne, amma wata duniya ce daban.

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye ƙididdiga, kusan digiri 1.55 sama da na shekarun 1850 zuwa 1900. Sannan teku ce take rage matsakaicin, domin tudu, inda mutane suke zaune, ya fi teku saurin ɗumama.

Abin da ya fi shafar mu ma ba matsakaicin ba ne, ranakun da suka wuce misali ne. Rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa irin zafin da a da ake gani sau ɗaya a shekara goma, yanzu yana zuwa kusan sau uku. In aka kai digiri 2, zai zo fiye da sau biyar. Waɗannan ranakun su suke kwantar da mutane.

Mai_Musu:
Na ji. Amma duk da haka ikon Allah ne.

Dattijo_Mai_Carbi:
Ɗana, ba wanda ya yi musun ikon Allah. Ciwo ma ikon Allah ne, amma kana zuwa asibiti. Ni na girme ku duka a nan, ina jin, kuma abin da zan iya shaida a kai shi ne dare. A da komai zafin rana, in dare ya raba sai ka nemi abin rufa. Yanzu akwai makonnin da har a yi asuba bango bai huce ba. Ka ce tsufa ne, to jikokina ma juyi suke yi har gari ya waye, su ma tsufan ne?

Yar_Jamia:
Baba ya taɓo ainihin wurin. Kuma Uwar_Biyu, zarginki yana da bincike a bayansa. A 2019 wata masaniya mai suna Frances Moore ta Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinta suka duba saƙonnin Twitter sama da biliyan 2 daga Amurka. Sun gano cewa mutane suna auna yanayin yau ne da abin da suka gani a shekara biyu zuwa takwas da suka wuce kawai. In zafin da ba a saba gani ba ya maimaita kansa shekaru kaɗan a jere, sai a daina rubutu a kansa. Amma ga abin da ya ba ni mamaki: ko da sun daina ambatonsa, kalamansu a irin waɗannan ranaku suna ci gaba da nuna ƙunci da ɓacin rai. Wato baki ya yi shiru, jiki bai yi ba.

Masu nazarin yanayi kuwa shekara 30 suke ɗauka kafin su ce ga abin da aka saba a wuri. Mu da ƙwaƙwalwarmu ko goma ba ma riƙewa.

Uwar_Biyu:
Alhamdulillah, ashe ba ni kaɗai ce nake wannan tunanin ba. Na gode ƙanwata.

Nas_Ta_Dare:
Bari in shigo a matsayina na ma'aikaciyar jinya, don kada a tafi da cewa jiki ba ya sabawa sam. Yana sabawa, amma yana da iyaka. In mutum mai lafiya ya shiga zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu jikinsa yana gyara kansa: gumi yana fara fitowa da wuri, yana ƙaruwa, gishirin da ke cikinsa yana raguwa, ruwan jini yana ƙaruwa, zuciya tana rage gudu. Shi ya sa ranakun farko na zafi su suka fi kawo mana marasa lafiya, da kuma sababbin ma'aikata a wurin aikin ƙarfi. Kuma wannan sabon yana gushewa in mutum ya yi makonni a sanyi.

Iyakar kuwa ita ce: gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe. In iska ta cika da danshi, gumin zuba kawai yake yi, ba ya tafiya da zafi. Shi ya sa digiri 35 mai danshi yake iya fin digiri 40 busasshe haɗari.

Waɗanda nake tsoro a kansu: tsofaffi, saboda ƙishirwa tana raguwa da shekaru, tsoho zai bushe bai nemi ruwa ba. Jarirai. Masu ciki. Masu ciwon zuciya, ƙoda ko suga. Da masu shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari. Kada wanda ya daina shan magani da kansa, amma ya tambayi likitansa yadda zai yi a lokacin zafi.

Alamar da ba a wasa da ita: mutum ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, jiki ya yi zafi ƙwarai. Wannan ba gajiya ba ce. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa sosai, a yi masa fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki. Na ga an kawo mutum an naɗe shi da bargo wai zazzaɓi ne. Har yau abin yana damuna.

Direban_Dare:
Allah ya saka da alheri Anti Nas. Ni amsata ga tambayar farko tana cikin sunana. A da tafiyar rana nake yi, yanzu na koma tashi bayan la'asar ko kafin asuba. Ba don jikina kaɗai ba, taya tana fashewa a kan kwalta mai zafi, inji yana tafasa. Sai dai tafiyar dare ita ma da nata: gyangyaɗi, da hasken manyan motoci a ido. Barcin rana kuma a ɗaki mai zafi ba barci ba ne, suma ce. To ban sani ba ko gyara na yi ko musanya wahala na yi da wata.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada a bar yaro a mota a rufe, ko da minti biyar ne, ko da an ɗan sauke gilashi. Na taɓa barin ma'aunin zafi a kan kujera don in gani da idona. Ban ƙara yarda da "yanzu zan dawo" ba.

Kanwar_Kowa:
Ni na ji an ce ramin da aka yi a sararin sama ne yake sa rana take shigowa da ƙarfi.

Malam_Lissafi:
Ƙanwata, matsala biyu ce ake haɗawa. Ramin ozon wani abu ne daban: sinadaran da ake sa wa firji da gwangwanin feshi a da su suka cinye ozon, wato iskar da ke can sama mai tare hasken rana mai cutarwa, kuma illarsa ita ce hasken da ke ƙona fata. An hana sinadaran da yarjejeniyar Montreal ta 1987, ramin yana kan murmurewa. Ɗumamar duniya kuwa daga ƙona kwal ne, da man fetur, da iskar gas, da sare dazuzzuka. Iskar kabon da ke sama ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 yanzu. Ita ba ta ƙara wa rana ƙarfi, zafin da ƙasa take mayarwa sama ne take tarewa. Shi ya sa abin da Baba ya faɗa game da dare ya yi daidai da lissafi.

Gwanin_Gini:
Ni magini ne, kuma zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai: rabin zafin da muke kuka da shi a cikin ɗaki mu muka gina shi da hannunmu. Mai gida zai zo ya ce yana son bango siriri, rufin kwano ƙasa-ƙasa, ba silin, taga ɗaya ƙarama, ita ma tana kallon yamma. Sannan ya shafe tsakar gida da siminti kaf, ya sare bishiyar da ya tarar don ganye yana ɓata masa wuri. In bazara ta zo sai ya ce duniya ta lalace.

Abubuwan da na gwada kuma na ga aikinsu: a ɗaga rufi a bar sarari tsakaninsa da silin, a yi ƙofofin iska a sama don zafin ya samu hanyar fita. Taga biyu masu fuskantar juna, ko da ƙanana ne, sun fi babba guda ɗaya. Rumfa ko baranda a gefen da ranar yamma take bugawa, domin inuwar da aka yi daga waje ta fi labulen ciki nesa ba kusa ba. In rana ta riga ta ratsa gilashi, zafin ya shigo ke nan. Sai fenti fari a kan rufi. Na taɓa yi wa rabin rufi na bar rabi don mai gidan ya yi musu. Da azahar na ce ya hau tsani ya ɗora tafin hannu a kan kowane ɓangare. Farin ya iya barin hannunsa a kai, ɗayan ko ƙirga uku bai yi ba ya janye. Washegari shi ya sayo sauran fentin.

Akwai wani mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, da ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, da tubalin ƙasa da rufin kwano da aka ɗaga sama sosai, iska tana ratsawa ta ƙarƙashi. A 2022 ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a sana'ar. Mutanen Yazd a Iran kuma ɗaruruwan shekaru suna gina hasumiyar da take kamo iska ta turo ta cikin ɗaki. Ilimin yana nan, raina shi aka yi.

Dan_Haya:
Oga Gwani, duk wannan na masu gida ne. Mu 'yan haya fa? Ko ƙusa ba a yarda ka buga ba.

Gwanin_Gini:
Gaskiyarka. Kai naka shi ne sarrafa taga: rufe ta da labule tun hantsi kafin zafi ya shigo, buɗe ta gaba ɗaya in waje ya fi ciki sanyi. Mutane da yawa suna yin akasin haka. Rataya tabarma ko buhu ta waje a jikin tagar yamma. Kuma ka tambayi mai gidan fentin rufi, wani zai yarda in ka nuna masa yana kare kwano daga tsatsa.

Hajiya_Mai_Esi:
Ku yi haƙuri, ni dai na sa na'urar sanyaya ɗaki na huta. Mahaifiyata tana da ciwon zuciya, ba zan tsaya jiran bishiya ta girma ba.

Yar_Jamia:
Hajiya, ba wanda zai zarge ki, ga mai ciwo esi magani ne. Matsalar tana zuwa ne in kowa ya dogara da ita kaɗai. Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi ƙiyasi a 2018 cewa na'urorin za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050. Zafin da suke cirewa daga ɗaki a titi suke zubar da shi, wutar da suke sha kuma yawancinta daga kwal da gas take. Kuma ranar da aka fi bukatarsu ita ce ranar da wuta ta fi ɗaukewa saboda nauyi. Japan tun 2005 ta fara wani shiri na sa ofisoshi su ajiye esi a digiri 28, ma'aikata kuma su ajiye kwat da nakataye. In kika sa ta a 27 kika haɗa da fanka, za ki ji sanyin da ya isa, wutar kuma ta ragu sosai.

Sarkin_Zolaya:
Wato ni da ba ni da esi tun fil azal, ashe ɗan gwagwarmayar kare muhalli ne ban sani ba. Ina zan karɓi lambar yabo?

Nas_Ta_Dare:
Tunda an ambaci fanka: in zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka ita kaɗai iska mai zafi take hura maka, tana iya ƙara wa jiki zafi, musamman tsoho da ba ya gumi sosai. A jiƙa fata ko riga tukuna, sannan a kunna.

Manomi_Na_Gaske:
Kun tsaya a kan zafi kamar shi kaɗai ne. Mu ruwa ne ya fi ruɗa mu. Ba wai ya daina zuwa ba, lissafinsa ne ya ɓace. Zai sauko da ƙarfi ka yi shuka, sai ya ɗauke mako uku, tsiron ya ƙone, iri ya tafi. Daga baya kuma ya zubo na wata guda a dare ɗaya ya wanke taki. Abin da na koya: ba na shuka da ruwan farko, sai na tona da hannu na ga danshi ya nutse. Ba na zuba irina duka lokaci ɗaya, kashi-kashi nake yi. Na haɗa da iri mai saurin nuna. Na daina ƙone karan gona, ina barinsa ya rufe ƙasa don ta riƙe laima. Wannan ba haƙuri ba ne, Uwar_Biyu, canji ne na gaske, kuma yana rage asara. Amma ban ce yana mayar da abin da aka rasa ba.

Alamomin da iyayenmu suka koya mana, na iska da tsuntsaye da tohon itatuwa, wasu har yanzu suna aiki, wasu sun fara ƙarya.

Malam_Lissafi:
Abin da ka gani yana da dalili. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari. Tana tsotse ruwan ƙasa da sauri, ta daɗe tana riƙe da shi, in ta sake shi kuma ta sake da yawa. Fari da ambaliya ba kishiyoyi ba ne, daga tushe ɗaya suke. A Zhengzhou ta ƙasar Sin, a Yulin 2021, an yi ruwan milimita 201 cikin awa ɗaya. Pakistan a 2022 ambaliya ta shafi mutum miliyan 33.

Direban_Dare:
Kuma mutane su daina shiga ruwa mai gudu da mota. Ruwan da bai kai gwiwa ba yana ɗaga ƙaramar mota. Ba ka san ko kwalbatin da ke ƙasa yana nan ko ya tafi ba.

Mai_Musu:
Ambaliyar cikin gari dai kada a ɗora wa sauyin yanayi. Shara ce a magudana, da gini a kan hanyar ruwa.

Gwanin_Gini:
A nan ina tare da kai kashi saba'in. Amma magudanar da aka gina da lissafin ruwan shekara hamsin da suka wuce, ko an share ta tas, ba za ta ɗauki na yanzu ba. Kopenhagen, babban birnin Denmark, ba ta da matsalar shara, amma a Yulin 2011 ruwan awa biyu ya nutsar da ita, har suka sake tsara tituna da filayen wasa su zama wurin tara ruwa. Abu biyu ne suka haɗu, kuma hukumomi suna son a ambaci ɗaya kawai don su wanke kansu.

Baƙo_A_Ƙasar_Sanyi:
Ina bin ku a hankali. Ni inda nake zaune gidajen an gina su ne don su riƙe ɗumi: tagogi manya, bango mai rufi biyu, ba fanka ba esi. In zafi ya zo sai gidan ya ƙi sakinsa. A Yulin 2022 Ingila ta kai digiri 40.3 karon farko a tarihi, layin dogo ya lanƙwashe, aka dakatar da jiragen ƙasa. Na san wasunku za su yi dariya, 40 ɗin me? Amma zafin 2003 ya kashe sama da mutum 70,000 a Turai, kusan 15,000 a Faransa kaɗai, yawancinsu tsofaffi da ke zaune su kaɗai a saman bene. Bayan nan Faransa ta sa ƙananan hukumomi su riƙa ajiye sunayen tsofaffi da masu rauni, ana kiransu a waya in zafi ya tashi. Darasin da na ɗauka: ba lambar da ke kan ma'auni ce take kisa ita kaɗai ba, rashin mai ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Dattijo_Mai_Carbi:
Wannan magana ta shige ni. Ku matasa ku riƙa leƙa mu. Tsoho ba zai kira ka ya ce yana jin jiri ba, kunya yake ji.

Leburan_Kankare:
Duk shawarar nan ta "ka zauna a inuwa daga sha biyu zuwa uku" ta mai albashi ce. Ni in ban ɗauki kwanon kankare ba, ba a biya na. Wani wurin da na yi aiki, ruwan sha ma sai ka zo da naka, in ka zauna minti goma a ce kai malalaci ne. Akwai ranar da fitsarina ya koma kamar ruwan tsatsa, kaina yana sarawa, haka na ƙarasa. To ku gaya min yadda zan saba.

Nas_Ta_Dare:
Ɗan uwa, wannan fitsarin gargaɗi ne daga ƙoda, kuma in yana maimaituwa yana barin tabo. Ka sha ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai tun kafin ƙishirwa, in gumi ya yi yawa ka haɗa da ruwan gishiri da sukari irin na asibiti. Amma na san wannan ba ita ce amsar tambayarka ba.

Yar_Jamia:
Amsar tambayarsa doka ce, ba dabara ba. Katar tun 2021 ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Spain a 2023 ta wajabta a sauya ko a dakatar da aikin waje in an ba da gargaɗin zafi mai tsanani. Ko ana bin dokokin yadda ya kamata, wannan wata magana ce, amma aƙalla lebura yana da abin nunawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce nan da 2030 zafi zai cinye kashi 2.2 cikin ɗari na lokutan aiki a duniya, daidai da aikin mutum miliyan 80.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Ahmedabad a Indiya. Zafin Mayun 2010 ya kashe sama da mutum 1,300 a birnin. A 2013 suka fito da tsari: gargaɗi mai launi-launi kwanaki kafin zafin, horar da ma'aikatan asibiti, wuraren shan ruwa a titi, buɗe wuraren ibada da gine-ginen gwamnati don a fake, daga baya fentin rufi a unguwannin talakawa. Bincike ya ƙiyasta ana tsirar da rai sama da dubu a shekara. Ba wata fasaha mai tsada a ciki.

Mai_Musu:
Gargaɗi? Hasashen da zai ce za a yi ruwa ka ɗauki lema ka yi ta yawo da ita a rana?

Malam_Lissafi:
In an ce yiwuwar ruwa kashi 30 ce, ma'anarsa a cikin ranaku goma masu irin wannan hali, uku za a yi ruwa. Bakwai ba za a yi ba, kuma hasashen bai yi ƙarya ba. Na kwana ɗaya zuwa uku abin dogaro ne sosai yanzu, na bayan kwana goma kuwa ka riƙe shi sako-sako. Bangladesh ta rasa mutum aƙalla 300,000 a guguwar 1970. Yau da gargaɗi, da 'yan sa-kai masu yawo da lasifika, da gine-ginen fakewa, guguwa mai ƙarfi tana wucewa da mutum goma-goma ko ɗaruruwa. A Valencia ta Spain kuwa, Oktoban 2024, saƙon gargaɗi ya shiga wayoyin mutane bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin ruwa ya riga ya shiga gidaje, sama da mutum 200 suka rasu. Masana sun hango, isar da saƙon ne ya makara.

Malama_Aji_Uku:
Ba a yi maganar yara ba. Bayan ƙarfe sha ɗaya a lokacin zafi, abin da nake koyarwa bango nake koya wa. Na mayar da lissafi darasin farko da safe, na bar zane da karatun baki zuwa ƙarshe. Na yarda kowane yaro ya ajiye gorar ruwa a kan benci, wanda a da haramun ne a ajina. UNICEF ta ce a 2024 yanayi ya katse karatun ɗalibai miliyan 242 a ƙasashe 85, kuma zafi ne kan gaba. Abin da yake ba ni tausayi, su waɗannan yaran ba su san wani yanayi ba sai wannan. In na ce musu a da ba haka ake ba, kallon mai tatsuniya suke min.

Uwar_Biyu:
Malama, kin dawo da ni kan tambayata. Daga abin da na karanta, Manomi da Gwani da ke kanki kun canza abu na zahiri. Direba ya ce musanya ya yi. Lebura kuwa ba shi da abin canzawa, haƙuri ne zalla, kuma shi ne aka fi ce wa "za ka saba". Sabo turken wawa, in ji masu magana.

Mai_Musu:
Ni har yanzu ina ganin ana ƙara gishiri. Amma batun dare na yarda, ni ma na lura. Gwani, wane irin fenti ne, na mai ko na ruwa?

Gwanin_Gini:
Akwai wanda aka yi musamman don rufi, shi ya fi daɗewa. In ba hali, farar ƙasa ma tana aiki, sai dai damina tana wanke ta, kowace shekara sai an sake. Ko wanne ne, a wanke kwanon a kankare tsatsa tukuna, kuma a share ƙura lokaci-lokaci, in ya yi datti aikinsa yana raguwa. Kada ka hau da rana tsaka.

Inna_Mai_Shuka:
Na makara, amma ga nawa. Bishiya nake dasawa a gefen yamma na gida, kuma ba na dasa wadda ba zan iya shayarwa a rani biyun farko ba, don yawancin dashen da ake yi na biki mutuwa yake yi. Medellín ta Kolombiya ta dasa layukan itatuwa a bakin tituna da rafuka tun 2016, zafin birnin ya sauka da kusan digiri 2. Gwani, tambaya: taku nawa zan bari tsakanin bishiya da bango don kada saiwa ta fasa min tushe?

Leburan_Kankare:
Yar_Jamia, dokar Katar ɗin nan, ana yanke wa lebura kuɗin awannin da ya zauna ne ko ana biyansa cikakke? Wannan nake so in sani kafin in je wa shugaban aikinmu da maganar.